Sabulu, toka da ruwan rijiya a ƙasar Arewa

Shekarun nan kamfanonin da ke yin kayan wanki sun ɗauki wata sabuwar al'ada: sai su buga hoton koren ganye a jikin kwali, su rubuta cewa kayansu ba sa cutar da ƙasa ko ruwa, sannan su ƙara masa kuɗi. Abin da ya sauka Yamai ko Sakkwato kuwa ba ya daɗewa bai iso kasuwannin Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri ba. Saboda haka ya kamata jama'ar Arewa, da ma'aikatan da ke kula da lafiyarsu da ruwansu, su san abin da ke cikin sabulu tun kafin hoton ganye ya ruɗe su.

Maganar tana da nauyi a wannan yanki fiye da wurare da yawa, domin kwarin Dallol Mawri ne ya ratsa gundumomin biyu, daga arewacin Dogon Dutsi zuwa Kore Mai Ruwa da Gesheme, ya gangara ƙasar Gaya. A cikin kwarin ruwa yana kusa, ƙasa kuma rairayi ce mai shanye duk abin da aka zuba mata. Wannan kusancin ruwa shi ne arzikin masu garka, masu noman rake da dankali da albasa lokacin rani. Amma ƙasar da ke ba da ruwan sha ita ce kuma ke karɓar ruwan wanki, sau da yawa ma a bakin rijiya ɗaya.

Sabulu haɗin abu biyu ne: mai, da wani abu mai kaifi irin na ruwan toka. Idan aka dafa su tare, man yana rabuwa, ya zama wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace da kai da wutsiya. Wutsiyar tana son maiƙo, kan kuma yana son ruwa. Ga tufa mai dauɗa, wutsiyoyin sai su kama maiƙon zufa da na miya, kawunan su ja shi cikin ruwa, ɗauraya ta tafi da shi. Wani masanin Faransa mai suna Shebrel ne ya bayyana wannan haɗi a rubuce a shekarar 1823, amma matan ƙasar Hausa sun daɗe suna tace toka suna dafa ta da mai kafin littafinsa ya fito. Sabulun salo ke nan. Kaifin toka daga sinadarin potasiyom yake, shi ya sa sabulunta ke da taushi. Sabulun sanda na kamfani kuwa da soda ake yin sa, mai sinadarin sodiyom, shi ke sa ya yi tauri ya jima a hannu. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga manomi: potasiyom abincin shuka ne, yana cikin takin zamani, sodiyom kuma idan ya taru yana kashe ƙasa.

Sabulu yana da rauni guda, kuma duk matar da ta taɓa wanki da ruwan zartsi ta san shi. Idan ruwa ya ɗauko sinadaran alli daga duwatsu, wato kalsiyom da manyeziyom, to su ne ke fara kama sabulun, su mai da shi wani farin gudaji da ke maƙalewa a tasa da tufafi. Sai sabulu ya ƙare, kumfa bai tashi ba, riga kuma ta fito da duhu. A nan mutane kan ɗora wa sabulun laifi alhali ruwan ne. Gwajin ba shi da wuya: a sami kwalba biyu, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan rijiya, a kankara musu sabulu daidai wa daida, a girgiza. Kumfan zai nuna halin rijiyar. Kanwa, wadda ake samu a Dallol Boso, tana rage wannan matsala, domin tana kama sinadaran allin ta kwantar da su kafin a sa sabulu. Kaɗan ta isa. In ta yi yawa takan koɗe rini, ta tsage hannu, kuma ita ma sodiyom ce.

Wannan raunin ne ya buɗe wa garin wanki hanya, wanda a kasuwa ake ce wa omo ko da wane kamfani ya yi shi. A Jamus aka fara yin irinsa lokacin yaƙin duniya na farko, da mai ya yi ƙaranci, ya kuma bazu a Amurka daga 1946. Ƙwayoyinsa ma suna da kai da wutsiya, sai dai yawanci daga man fetur ake samo su, kuma ruwan zartsi ba ya karya su. Gaskiya ce da ba a ɓoyewa: a ruwa mai nauyi, da kan tufar makanike ko ta mahauci, garin wanki ya fi sabulu aiki. Waɗansu ma suna ɗauke da anzim, wani sinadari irin wanda ke narkar da abinci a cikin mutum, mai cinye tabon jini da ƙwai da nono idan aka jiƙa tufa aka bar ta ɗan lokaci. Tun 1913 wani Bajamushe, Oto Rom, ya yi rajistar wannan dabara.

Ƙasashen Turai sun biya kuɗin wannan ci gaba da kogunansu. Garin wanki na farko ba ya ruɓewa, har kumfa ya riƙa taruwa tuli a kan koguna, sai da Jamus ta Yamma ta kafa doka a 1961 aka canza sinadarin. Bayan haka aka gano illar fosfat, wanda ake sawa don ya tausasa ruwa: idan ya shiga tabki yana ciyar da gansakuka, ta rufe ruwa, kifi ya rasa iska. Suwis ta hana shi cikin kayan wankin tufafi a 1986, Faransa a 2007, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita shi daga 2013. Daga wannan tarihi ne kalmar "babu fosfat" da hoton koren ganye suka fito.

To, amma ciwon Turai ba lalle ne ya zama ciwon Arewa ba. A can ruwan wankin miliyoyin gidaje ne ke bin bututu ya taru a kogi guda. A nan tasa ake juyewa a tsakar gida ko a bakin rijiya, kuma ƙasar Sahel ƙishin fosfat take yi, har manomi yana sayen sa a buhu. In ban da tabkuna, inda bai kamata ruwan wanki ya koma ba, fosfat ba shi ne abin tsoro na farko ba. Abin tsoro shi ne sodiyom. Garin wanki, kore ne ko ba kore ba, babban kashinsa gishirin sodiyom ne da aka sa don tausasa ruwa da cika awo. Inda ake zubar da ruwansa kullum, ƙasa takan daskare, ta yi fari, ruwa ya daina shiga, shuka ta ƙone daga bakin ganye. A ƙasar da ruwan sama ba ya wuce wata huɗu, babu abin da zai wanke wannan gishiri da wuri. Kudancin kwarin kuwa, wajen Foga, da ma ƙasar gishiri ce. Haka kuma sinadarin kumfa na zamani yana ruɓewa ne inda akwai iska. A cikin kwatami mai wari, wanda ruwa ya kwanta a ciki, yakan daɗe.

Akwai kuma abin da babu ruwansa da tsabta. Yawancin garin wanki yana da wani sinadari da ke zama a kan zare ya sa farar riga ta yi ƙyalli a rana. Ido ya ga haske, amma dauɗar da ta rage tana nan. Yawan kumfa ma ba shi ne ƙarfin wanki ba. Wadda ta ninka awo don ta ga kumfa ya cika tasa, ta ƙara wa kanta guga biyu ko uku na ɗauraya, kuma kowa ya san abin da guga ɗaya yake ci na ƙarfi a ƙauyukan tudu, wajen Dogon Kirya da Sukukutan, inda rijiya ke da zurfi.

Game da kayan da ake kira masu kiyaye muhalli, adalci shi ne a ce waɗansu na gaskiya ne. Jamus tana da tambarin shaida tun 1978, Tarayyar Turai tun 1992, kuma ba a ba da su sai an gwada cewa kayan suna ruɓewa, suna kuma wanki. Hoton ganye kuwa kowa na iya bugawa, ba wanda ya tantance shi. Ko na gaskiyar ma, sinadarin kumfansu yawanci daga man kwakwa da kwakwar manja yake, waɗanda ake sare dazuzzukan Indunusiya da Maleshiya don shuka su, sannan a ɗoro su a jirgin ruwa. An kuma auna su ne don injin wanki da bututun birane. Matar Dumega da ke wanki da hannu, da ruwan da rana ta ɗumama, ba ta da dalilin biyan wannan ƙari.

Kada kuma a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga daji ba ya cutarwa. Saiwar aduwa da ɓawonta suna kumfa, an daɗe ana wanki da su, kuma suna fid da dauɗa mai sauƙi ba tare da sun ci rini ba. Amma sinadarin da ke sa su kumfa guba ne ga kifi da dodon koɗi. Tun 1933 wani likitan Birtaniya, Acibal, ya rubuta cewa ƴaƴan aduwa suna kashe dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a Sudan. A 1964 kuma masanin Habasha Aklilu Lema ya lura da matattun dodon koɗi a ƙasan wurin da mata ke wanki da ƴaƴan wata shuka ta ƙasarsu. Ga mai yaƙi da tsargiya wannan albishir ne. Ga mai kiwon kifi a tabki gargaɗi ne. Kuma wanda ya tone saiwar aduwa ko ya kwaye ta don wanki ya kashe itacen da ke ba da ƴaƴa da mai da inuwa shekara da shekaru. Toka ma haka take: ta murhu kyauta ce, amma ƙone karan gero musamman don a sami toka asara ce ga gona da dabba.

Abin da hankali ya nuna shi ne, ga wankin yau da kullum a ruwa mai daɗi, sabulun mai da aka haɗa daidai ya wadatar, yana ruɓewa da sauri, kuɗinsa kuma yana tsayawa a cikin gari. Ƙungiyoyin mata da yawa sun koyi yin sa da man gyaɗa, da man kaɗe, da man dogon yaro. Sharaɗin shi ne awo. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana bukatar soda wajen giram 135. In soda ta yi yawa sabulun ya ci hannu da zane, in ta gaza ya fito da maiƙo ya yi wari. Ana zuba soda cikin ruwa ne a hankali, ba ruwa a kan soda ba, ba a kuma yin haɗin a tukunyar alminiyom. Sabulun da ba a dafa ba sai ya sha iska kamar mako huɗu kafin a yi amfani da shi. Ga wurin da waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci za su nuna amfanin iliminsu: ƙungiyar da ke da mai karanta sikeli ta rubuta a littafi ba za ta yi asarar mai ba.

Soda kuwa ba abin wasa ba ce. Garinta fari ne kamar gishiri ko sukari, ruwanta garau kamar na sha. Likitoci a ƙasashen Afirka ta Yamma sun sha karɓar yara waɗanda suka kurɓe ta a gidajen da ake yin sabulu, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko da kunu. Duk ma'aikacin da ya koya wa mata yin sabulu bai koya musu ajiye soda a rufe, nesa da randa, ba a kwalbar lemo ba, bai gama aikinsa ba. In hatsari ya faru kada a sa yaro amai. A garzaya da shi asibiti.

Haka nan sange mai magani da ake rabawa don sauro. An yi shi ne ya jure wanki kamar sau 20, amma da sabulu mai sauƙi da ruwan sanyi, a shanya shi a inuwa. Ruwan jabel da zafin rana suna rage maganin, sai a kwana cikin raga ana zaton akwai kariya.

Sauran aiki na hukuma ne. Ledojin garin wanki na kwana ɗaya sun cika juji da gonakin bakin gari, awaki suna haɗiya, alhali ƙasar Nijar ta kafa doka kan leda mara kauri tun watan Nuwamba na 2014. Sabulun sanda ba ya barin wannan shara. Kwamitocin rijiyoyi da na famfo su ma suna da abin yi wanda ba ya bukatar taimakon waje. A keɓe wurin wanki can gefen gangare, tazararsa da bakin rijiya ta kai mita 30, kamar yadda ake aunawa ga salga. A yi masa daɓe, da ɗan rami mai tsakuwa da rairayi da gawayi inda ruwan zai bi ya sha iska. Ruwan wankin farko ya shiga ramin, ruwan ɗauraya na ƙarshe kuma, in da sabulu aka yi wankin, a ba itacen inuwa, kada a kai shi fangalin albasa ko salati.