Ba Yaran Ne Da Laifi Ba, Mu Ne



Makon jiya, bayan an tashi daga Islamiyya a nan Agege, yara suka kewaye wani yaro ɗan shekara takwas da aka haifa da ƙafa ɗaya gajeriya. Ɗaya ya ce, "Me ya cinye maka ƙafa?" Wani ya ce, "Kai ma in ka girma bara za ka je yi a Ebute Metta?" Wata baiwar Allah ta kai wa mai tambayar ranƙwashi, ta ce ya rufe wa mutane baki. Uwar yaron kuwa ta hana shi fita har kwana uku.

Mu dai a ganinmu, su biyun duk sun yi kuskure, kuma kuskuren namu ne gaba ɗaya.

A ina yaro ya koyi haɗa naƙasa da bara? A bakinmu. Mu ne muke kiran mutum "gurgun nan" ko "beben gidan su wane", kamar ba a raɗa masa suna ba. Mu ne muke raɗe-raɗin cewa aljanu ne ko sammu, yara na zaune suna ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranƙwashi ba amsa ba ne. Abin da yake koya wa yaro shi ne naƙasa abin kunya ce da ba a ambata. Ɓoye yaro a ɗaki kuma ya fi muni, domin mun tabbatar masa da cewa masu tsokanarsa ne suke da gaskiya.

Iyaye, mu koya wa ɗanmu gajeriyar amsa tun daga gida: "Haka aka haife ni, ba a ɗauka, zo mu yi wasa." Mu kuma sanar da shi cewa yana da ikon cewa, "Ba na son wannan maganar," ya wuce abinsa. Idan ɗanmu ne ya yi tambayar, mu amsa masa cikin natsuwa, mu faɗa masa sunan yaron, mu tura shi ya gaishe shi. Amma tambaya daban, izgili daban. Wanda ya maimaita don cin fuska, malam ya kira iyayensa, kada a ce "ai yarinta ce."

Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, har a wajen karatu. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida. Wannan aikinmu ne.

Yaron nan ya koma makaranta ranar Asabar. Abin da zai ji daga bakin 'ya'yanmu, mu ne za mu shuka shi yau da dare.

Allah Ya shirya mana zuri'a.