Tsuntsun Dutsen Kupe da Mas'alar Hurumi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Hausa, ya kuma taɓa zama a gefen fadama da hantsi, ba ya rasa sanin tsuntsayen nan masu launin ƙasa da ke yawo bakwai-bakwai ko goma-goma cikin sarƙaƙiya suna tonon busasshen ganye, waɗanda in ɗaya ya ɗaga murya sai sauran duka su kama, har ka rantse 'yan kasuwa ne ke gardama a kan awo. To, masu surutun nan suna da wani ɗan'uwa can a kan duwatsun da ke iyakar Nijeriya da Kamaru, wanda galibinmu ba mu taɓa gani ba, kuma in al'amura suka ɗore a kan yadda suke tafiya, la'alla jikokinmu ma ba za su tarar da shi ba. A kansa nake nufin in ja hankalin masu karatu, ko da yake na san ba a rasa wanda zai ce malamin nan ya rasa abin rubutu.

Masana sun raɗa masa suna Kupeornis gilberti, mu kuwa bari mu ce masa mai farin maƙogwaro, domin siffarsa ke nan: jiki launin ƙasa mai ɗan ja, fuska da maƙogwaro fari fat kamar wanda ya yi amawali da sabon rawani, tsawonsa bai fi taƙi guda ba. A shekarar 1949 ne wani likita mutumin Sukotilan, William Serle, wanda ya yi aikin asibiti a Nijeriya da Kamaru zamanin mulkin Turawa, ya fara bayyana shi a rubuce, bayan an samo shi a Dutsen Kupe na ƙasar Bakossi, dutsen da tsayinsa ya ɗara mita 2,000. Rabin sunan na farko daga sunan dutsen aka ciro shi. Rabi na biyu kuwa, wanda ya fi ɗaukar hankalina, sunan Gilbert Nkwocha ne, ɗan Nijeriya, wanda shi ne ke shiga kurmi ya samo wa likitan tsuntsaye, ya feɗe su, ya gyara fatunsu yadda za su daɗe ba su lalace ba. A wancan zamani, da aka saba raɗa wa sabuwar halitta sunan gwamna, ko na matar joji, ko na wani attajirin da bai taɓa taka ƙasar ba, sai ga tsuntsu ya tashi da sunan baƙin mutum wanda ƙaya ta soka, matsattsaku suka sha jininsa, kafin a kai ga abin da ake nema. Wannan adalci ne ƙarami, amma adalci ne, kuma abin kunya ne a ce yaranmu sun haddace sunayen dabbobin ƙasashen ƙanƙara alhali ba su taɓa jin labarin tsuntsun da ke ɗauke da sunan ɗan ƙasarsu ba.

Mazauninsa ƙunci ne da shi ƙwarai. Ban da Kupe, ana samunsa a duwatsun Bakossi, da Rumpi, da Nlonako, duk a Kamaru, sa'an nan a Nijeriya sai tudun Obudu na Jihar Kuros Riba. Ba ya sauka ƙasa da wajen mita 950, saboda abincinsa ƙwari ne da tsutsotsin da ke ɓoye cikin gansakuka da sauran tsirran da ke lulluɓe rassan manyan itatuwa, su kuwa waɗannan ba su yin kauri sai inda gajimare ke sauka ya kwana cikin kurmi, ganye na ɗiga ko ba a yi ruwa ba. Yana yawo ƙungiya-ƙungiya kamar danginsa na nan gida, yana bin reshe yana leƙe, wani lokaci har ya yi reto, kansa na kallon ƙasa. Ƙarƙashinsa, cikin duhuwar da rana ba ta ratsawa, akwai wani maƙwabcinsa mai tokar ƙirji, Kakamega poliothorax, wanda akan ji zaƙin muryarsa sau goma kafin a gan shi sau ɗaya. Ga irin waɗannan halittu, kowane dutse tamkar tsibiri ne a tsakiyar teku, domin zafin kwarin da ke kewaye da shi ya hana su ƙetarawa; in kurmin dutse ɗaya ya tafi, ba su da wata ƙasar da za su yi hijira zuwa gare ta.

A Obudu kuwa kurmin tafiya yake yi, sannu a hankali, ta hanyar da kowane manomi da makiyayi ya sani. Tudun nan mai sanyi, wanda ke samun ruwan sama ninki huɗu ko fiye na abin da Kano ke samu, galibinsa ciyawa ce, kurmin ya saura ne a cikin kwazazzabai da bakin ƙoramu, tsiri-tsiri kamar igiya. Tun 1951 aka kafa gandun shanu a wurin. Idan rani ya shiga aka cinna wa ciyawa wuta domin sabon toho ya fito, wutar ba ta san iyaka ba, sai ta lashi bakin kurmi, ta kashe ƙananan itatuwa. Baɗi ta ƙara shiga da taki kaɗan. Shanu su bi baya su tattake abin da ya tsiro. Mai neman itacen girki da mai neman gona su ƙarasa. Babu ɗayansu da ya tashi da niyyar ɓarna, kowa darura ce ta kai shi, amma jimlar darurorin ita ce ta sa aka rubuta tsuntsun cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

Na san hujjar mai musu, ba kuwa hujja ce ta banza ba. Zai ce ƙasar da yara ke kwana da yunwa, ina ta ga sukunin kukan tsuntsu? Akan amsa masa da cewa kurmin kan dutse shi ne randar ƙasa, shi ke tare gajimare ya riƙe ruwa ya saki a hankali, har ƙoramu su kai rani suna gudu, wannan kuwa gaskiya ce da mutanen gindin dutsen suka fi kowa sani. Amma ni ba na son a tsaya nan, domin in aka jingina rayuwar halitta a kan amfaninta kaɗai, ran da aka haƙa rijiyar burtsatse hujjar ta faɗi. Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye ma al'ummomi ne, malamanmu kuwa, irin su Jahiz da Damiri, sun ɓata shekaru suna tattara labarin dabbobi, ba su ɗauki wannan aiki lagawu ba. Shafe al'umma guda kacokan daga bayan ƙasa ba daidai yake da yanka kaza ba, ko da al'ummar ba ta ba mu ƙwai.

Maganin kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa hurumi. A al'ada, tsofaffin garuruwan Hausa kan keɓe wani fili, ba a nomawa, ba a sayarwa, saboda maslahar jama'a. Fukaha'u sun yi dogon bayani a kan irin waɗannan keɓaɓɓun filaye, waɗanda suke kira hima da harimi, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya taɓo su a littafinsa Ta'alimur Radi, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u, ya kuma haramta sare itatuwan Madina da farautar dabbobinta. Sai dai abin da ya fi dacewa da mas'alarmu shi ne wasiyyar da Sayyidina Umar ya yi wa mai tsaron hima, wadda Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, inda ya umurce shi da ya sassauta wa mai 'yan dabbobi kaɗan, ya tsananta wa masu manyan garkuna, saboda attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gonakin da zai koma, talaka kuwa sai ya zo da iyalinsa ƙofar shugaba yana kuka. Ban kawo wannan don in ɗora wa mutanen Obudu fiƙihunmu ba, galibinsu ba Musulmi ba ne, kuma 'yan Bakossi tun kaka da kakanni suna girmama Kupe ta hanyar al'adarsu, abin da ya taimaka wajen tsare kurminsa tun kafin a kafa gandun Bakossi na hukuma. Na kawo shi ne don ƙa'idar da ke cikinsa, watau hurumin da aka ɗora nauyinsa a kan matalauci ba ya ɗorewa, da dare za a shiga a sare.

A Obudu akwai ɗan keɓaɓɓen kurmi na Becheve, akwai kuma masaukin baƙi, an kuma buɗe keken igiya mai hawa da mutane kan dutse a 2005 zamanin gwamna Donald Duke. Masu kuɗi kan zo shan iska, Turawa masu kallon tsuntsaye kan biya kuɗin jirgi tun daga ƙasashensu domin su ga mai farin maƙogwaro na 'yan daƙiƙoƙi. Ra'ayina shi ne a yanki wani kaso sananne daga abin da baƙin nan ke biya, a rubuta shi a fili yadda kowa zai gani, a ba ƙauyukan da ke kewaye, da sharaɗin su share layin tare wuta a bakin kowane kurmi, su yi ƙuna da wuri tun ciyawa na da ɗanyenta, lokacin da wuta ba ta da ƙarfin hawa itace. A zauna da makiyaya, waɗanda da yawansu suna jin harshen da nake rubutu da shi, a tsayar musu da mashaya a wajen kurmi, a sa ardo ya zama shaida. Masu tsaron kuma a ɗauke su daga 'ya'yan ƙauyukan, waɗanda suka san kowane kwazazzabo kamar yadda Gilbert Nkwocha ya san na Kupe, a riƙa biyansu albashinsu kafin watan Disamba ya kama, domin daga nan ciyawa ke fara bushewa.