Kafin ka kwance shokazobar gaban motarka a ƙofar gida

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce na ga abin da ya hana ni barci, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

Wani maƙwabcina ne a nan Takur, ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki, yana da tsohuwar Corolla. Tun damina motar ke ƙara kwaram-kwaram a gaba duk lokacin da ya hau kwanta-kwanta. Ya je gareji aka gaya masa kuɗin shokazoba biyu da kuɗin aiki, ya dawo yana salati. Sai ya yi abin da yawancinmu muke yi yanzu: ya aika aka sayo masa guda ɗaya daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya buɗe YouTube, ya ɗauko jak da sifana, ya ce shi zai ɗaura da kansa.

Ni ban ga laifinsa ba, wallahi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, kuma kayan mota kusan duk da dala ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Mai wannan albashin in ya tsuguna yana gyaran motarsa da hannunsa, ni dai jinjina masa zan yi. Canjin baƙin mai, filogi, batir, har takalmin birki ga wanda ya iya, duk a yi a gida. Amma shokazobar gaba ba ta cikin wannan sahun, kuma dalilin shi ne sifirin.

A motoci irin su Corolla da Golf da Peugeot 406, shokazobar gaba tana zaune ne a tsakiyar wani katon sifirin da aka matse, aka rufe shi da faranti a sama, aka ɗaure da noti guda ɗaya a tsakiya. In ka buɗe bonet za ka ga notuna, galibi uku, a zagaye, da wancan babban a tsakiyarsu. Na gefen su ke riƙe da kayan a jikin mota. Na tsakiya shi ke riƙe da sifirin. Sifirin ɗin nan shi ke ɗauke da gaban mota, injin da giya duk a kansa, kowane ɓangare nauyin buhunan siminti da yawa. Ko bayan ka ciro shi daga motar, yana nan a matse da ƙarfinsa.

To maƙwabcin nawa ya ciro kayan lafiya, ya kwantar a ƙasa, ya sa ƙaninsa ya taka sifirin da ƙafa, shi kuma ya fara kwance notin tsakiya. Ina fitowa daga gida na ji ƙara kamar an harba bindigar toka. Farantin saman ya tashi ya daki ƙyauren gida ya lotsa shi. Yara uku na tsaye suna kallo, tsakaninsu da inda ƙarfen ya bi bai kai taku biyu ba. Ƙanin ya samu targaɗe a idon sawu. Allah ne kawai ya kiyaye. Da a goshin wani ya sauka, da yanzu zaman makoki muke.

Abin haushin, a bidiyon da ya kalla akwai ƙarfen matse sifirin, irin mai ƙugiya biyu da ake ɗaurawa hagu da dama a riƙa juyawa a hankali har sifirin ya saki farantin. Ya gani, ya ce ai kayan Turawa ne, mu nan da dabara muke yi. Kuma gaskiya ce, akwai kanikawan da ke yi da dabara: wani ya ɗaure da waya, wani da igiya, wani ya yi amfani da nauyin motar ya riƙa ɗaga jak a hankali. Sun shekara ashirin suna yi, sun san inda za su tsaya, kuma duk da haka ka duba yatsun wasunsu.

Ga ra'ayina, wanda ya ga dama ya musa a ƙasa. In dole sai ka rage kuɗin aiki, raba aikin biyu. Ciro kayan gaba ɗaya a gida, shokazoba da sifirin a haɗe, kada ka taɓa notin tsakiya. Ɗora a babur ka kai wa bakaniken da yake da ƙarfen matsewa, ya sauya maka, ka biya shi na wannan kaɗai, ka dawo ka mayar. In ya ce ba shi da ƙarfen, wuce gaba.

Cirowar ma ba wasa ba ce. Ƙofar gidajenmu da yawa rairayi ne, jak kuwa a kan rairayi nutsewa yake ko ya goce. A sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da dutse, sannan a sa wa motar wani matokari mai ƙarfi bayan jak ɗin. Bulon siminti ba matokari ba ne, fashewa yake ba sallama. Tayar da ka cire ma tura ta ƙarƙashin motar. In ka kwance manyan kusoshi biyun na ƙasa, kada ka bar ƙafar motar tana reto a jikin tiyon birki ko wayar ABS, ɗaure ta da wani abu. Tiyon da ya ji ciwo yau, a hanyar Birnin Kudu zai ba ka labari.

Sai maganar saye guda ɗaya, wadda ita ce ta fi damuna, don ita kusan kowa na yi, har kanikawa na ba da shawarar a yi. Mutane na ɗauka aikin shokazoba jin daɗin zama ne, kar mota ta girgiza oga. A'a. Sifirin in ya lotsa sai ya yi ta tsalle, shokazoba ce ke kashe tsallen: mai ne a cikinta da ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, shi ke rage gudun motsin. Amfanin haka taya ta zauna daram a kan kwalta. Tayar da ke tsalle kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. To ka sa sabuwa a dama, ka bar matacciya a hagu, kana gudun 100 a tagwayen titin Shuwarin zuwa Wudil, akuya ta faɗo, ka taka birki. Ɓangare ɗaya ya riƙe, ɗaya ya dunƙufa. A nan mota ke fizgewa. Daga baya a ce taya ce, ko a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma raƙumin ma cewa aka yi a ɗaure shi.

Na san amsar: kuɗin biyu fa? Ni a ganina gara ka jinkirta wata guda kana tafiya a hankali cikin gari, ka haɗa kuɗin biyun, da ka sa ɗaya ka ɗauka ka gama ka hau babban titi da iyali.

Kuma a lura da abin da ake saye. Ana cewa ta Beljiyam ta fi sabuwa ƙwari, wani lokacin haka ne, don jabun sababbi sun cika kasuwa. Amma ta Beljiyam ma an yi shekaru ana hawanta a can kafin ta iso nan. Akwai kuma wadda aka huda aka ɗura wa mai aka liƙe aka fesa fenti. Duba jikinta ko akwai alamar walda ko danshin mai. Danna sandar ƙasa ka ja ta sama: in ta tafi salin-alin ba turjiya, ko ka ji wani wuri ta zarce fayau, ajiye musu kayansu. Duba robar da ke rufe sandar ma, don ƙurar hunturunmu in ta samu shiga, cinye bakin take yi mai ya fara yoyo.

Yadda za ka gane taka ta mutu ba wuya. Danna gaban motar da ƙarfi ka saki, in ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, akwai magana. Leƙa bayan taya ka ga ko mai ya jiƙa jikinta. Shafa tayar, in ta cinye tudu da kwari, ita ce. Wani lokacin kuma ƙarar ba daga shokazoba take ba sam, ɗan ƙaramin ƙarfen nan ne mai haɗa ta da sandar daidaita mota, ko farantin sama, waɗanda kuɗinsu bai kai nata ba. A tabbatar kafin a saya.

Bayan an ɗaura, a kai a saita ƙafafun motar. Kwance kusoshin ƙasan nan na iya gusar da tsayuwar taya, in ka ƙi biyan kuɗin saiti za ka biya kuɗin taya nan da 'yan watanni.

Maƙwabcina dai ranar Litinin ya ɗora kayan a babur ya kai gareji. Har yanzu guda ɗaya ce a motar. Na yi masa magana, ya ce sai an yi albashi. Na ce to kafin nan, in zai je Kano ya bar ta a gida ya shiga ta haya.