Wa Ya Kashe Shi? Labarin da ke Hana Mai Karatu Barci

Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, bisashe sun faɗa gonaki cin kara. Yanzu lokacin allo da alli ne.

Wanda ya koyi baƙaƙe bara, tambaya guda gare shi bana: mi zai karanta? Takardar awon gujiya ba ta wuce layi biyar. Takardar likita ma haka. Karatu kuwa kamar hauya yake, in an jingine shi tsatsa ke cin shi. Don haka filin wanga wata zai yi magana kan wani irin littafi da ke da wuyar ajiyewa. Shi ne littafin da ke ba da labarin kisan kai da anka yi cikin dangi tun da daɗewa, anka rufe maganar, sai bayan shekaru wani ya tashi tonon ta.

Yadda labarin ke tafiya

Irin wanga labari kusan hanyarsa guda ce. An wayi gari da gawa cikin gida. Ko maigida ne, ko uwargida, ko wani ɗa. An yi jana'iza, an yi zaman makoki, an raba gado. Wata sa'a an kama wani an ɗaure, wata sa'a an ce ajali ne. Shekaru sun shuɗe. Yaron da ke goye ranar da abin ya faru ya zama mutum. Ran nan sai ya tsinci wasiƙa cikin tsohuwar adaka, ko wata tsohuwa ta yi suɓutar baki. Daga nan hankalinsa ba ya sake kwanciya. Sai ya bi gida gida yana tambaya. Kowa ya ba shi rabin magana, ya riƙe rabi.

Shi ma marubucin ba ya sakin gaskiya gaba ɗaya. Yana ba da ita kamar yadda ake ba majinyaci kunu, ludayi ludayi. Sai an kai shafin ƙarshe ake jin sunan mai laifi.

Labari daga ƙasar Girka

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Fiye da shekara 2400 da sunka wuce, wani mutumin ƙasar Girka mai suna Sofokilis ya rubuta wasan kwaikwayo a kanta. Annoba ta sauka wani birni. Anka ce wa sarki, dalilinta shi ne an kashe sarkin da ya gabace shi, kuma ba a hukunta wanda ya kashe shi ba. Sarki ya yi rantsuwa sai ya gano ko wane ne.

Bincike ya nuna a mararrabar hanya anka yi kisan. Faɗa ne ya tashi kan wa zai kauce wa wani. Shaida guda ya rage da rai, wani tsohon makiyayi. Shi ne kuma wanda anka taɓa ba jariri ya yar a daji, tausayi ya kama shi, ya miƙa shi ga wani makiyayi ɗan'uwansa. Da anka matsa wa tsohon ya yi magana, sai ta bayyana cewa jaririn nan shi ne sarkin da ke bincike. Shi ya yi kisan a mararraba tun yana saurayi, kuma mahaifinsa ne ya kashe bai sani ba. A 1968 wani marubucin Najeriya, Ola Rotimi, ya ɗauko labarin ya mai da shi cikin ƙasar Yarabawa, mutane sunka kalla kamar a garinsu ya faru.

Labari daga Ingila

A Ingila an yi wata mata mai suna Agata Kiristi. An haife ta a 1890, ta rasu a 1976. Ta rubuta littattafan binciken laifi 66. A 1942 ta fitar da wani mai suna Five Little Pigs.

Wata budurwa ce ke shirin aure. Tana da shekara 5 anka kashe ubanta da guba. Shari'a ta ce uwarta ce ta kashe shi. Uwar ta mutu gidan kaso, ita kuwa yarinya anka kai ta Kanada wajen dangi. Da ta girma, anka ba ta wasiƙar da uwar ta bar mata, inda ta ce ba ita ta yi ba. Shekara 16 ke nan da kisan. Budurwa ta tafi wajen wani gwanin bincike mai suna Puwaro. Damuwarta ita ce, kada wata rana mijin da za ta aura ya dube ta ya tuna ɗiyar wa ce.

Babu gawa, babu sawu, babu abin da za a taɓa da hannu. Mutum biyar ne sunka rage cikin waɗanda ke gidan ranar nan. Puwaro ya bi su ɗaya ɗaya. Ya sa kowa ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Sa'an nan ya jera takardun biyar, ya duba inda sunka dace da inda sunka saɓa. A nan gaskiya ta fito. Filin nan ba zai faɗi sunan mai laifin ba, don kada ya ɓata wa mai nema daɗi. An fassara littafin da Faransanci, ɗan lakwal na iya karanta wa iyayensa ya mayar musu da Hausa.

Labari daga Zariya

Hausa ma tana da nata. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. A zamanin nan ne anka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Cikin littattafan lokacin akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da Dokta East.

Shi wannan ta ɗaya gefen ya ɗauko zancen. Ba a fara da gawa ba, an fara da zalunci. Abubakar na son Zainabu, ita ma tana son shi. Wani mai dukiya, Malam Shaihu, ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar ya ƙulla abin a zuciya. Ya bar gida, ya sha wuya cikin duniya yana neman sihirin da zai rama da shi. Da ya samu, bai jefi Malam Shaihu ba, sai ya jefi ɗan da Zainabu ta haifa, wanda ake kira Kyauta. Yaro ya lalace, ya zama ɓarawo. Ƙarshenta da hannunsa ya kashe ubansa, bai san shi ba ne. Mai karatu na ganin masifa na matsowa tun daga nesa, kamar hadari daga gabas, ba shi da ikon tsai da ita. Wannan ma na hana ajiye littafi.

Mi ya sa ake son su?

Dalili na farko, mai laifin na cikin gida. Ɓarawon daji ana yi masa darni da kare. To, wanda ake cin tuwo ƙwarya guda da shi fa? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mai karatu na duban kawu, ya dubi baffa, ya dubi kishiyar uwa, kowa na da fuskar mutunci. Tsoron da ke cikin wannan ya fi na kura, don kowa na da dangi.

Dalili na biyu, mai karatu ne ke zama alƙali. In kisa ya daɗe, ruwan damana ya wanke sawu. Abin da ya rage sai bakin mutane. Wani ya manta, wani na ƙarya, wani na kare nasa. Mutumin karkara ya san wanga aiki sarai. Ya sha zama ƙofar mai gari ana shari'ar iyakar gona wadda kakanni sunka yanka. Ya ga yadda tsoho biyu ke rantsuwa kan itace guda, kowa na cewa nan ne iyaka. Makiyayi kuwa ya iya bin sawun saniyar da ta ɓata. Irin wannan hankali littafin ke nema. In mai karatu ya gano mai laifi kafin marubuci ya faɗa, daɗinsa ya yi kama da na wanda ya yi kamun farko a fagen kokowa.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi. Abin da uba ya yi na bin ɗa. A ƙasar Hausa ba a ɗaura aure sai an binciki asali. Akwai gidan da ake gudun ɗiyarsa saboda maganar da ba wanda ya ga farkonta. Akwai ƴan'uwa da ba su gaisawa, in an tambayi samarinsu dalili sai su ce haka sunka tarar. Budurwar nan ta Ingila da ke tsoron idon mijinta, kowace uwa a Sarkin Yamma za ta gane ciwonta. Mutum na karanta labarin wasu, zuciyarsa na taɓa nasa. Kuma littafin na ba shi abin da duniya ba ta cika bayarwa ba: ana wanke wanda anka yi wa ƙazafi, ko da yana cikin kabari. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Inda ya kamata a yi hattara

Littafi daban, zaman gari daban. A littafi marubuci ya san mai laifi tun kafin ya ɗauki alƙalami. Ya shirya shaidu yadda za su kai ga gaskiya. A gari babu wanda ya shirya komi. Wanda ya karanta littafi biyu ya fara nuna maƙwabci da yatsa, ya ɗauko wa kansa alhaki. Zato zunubi ne, in ji masu magana.

A duba da kyau, cikin labaran nan akwai hanya biyu. Budurwar Ingila ta nemi sani. Ta bi ta hannun mai bincike, ta saurari kowa, ba ta zub da jinin kowa ba. Abubakar na Jiki Magayi ya nemi ramuwa. An cuce shi, gaskiya ne. Amma wa ramuwar ta fara ci? Yaron da ba a ma haifa ba ranar da anka yi cutar.

Haka ramuwa take a fili, ba ta tantance mai laifi. Mutanen jihar Maraɗi ba su bukatar a ba su labari. A watan Oktoba na 1991, a garin Toda, faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Yawancinsu mata ne da yara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 1993 anka kafa dokar karkara, wadda ta tsara sha'anin gona, burtali, makiyaya da rijiya. Daga cikinta anka samu kwamitocin filaye da ake kira kofo. Maganar ɓarna ko iyaka tana da mai gari, da arɗo, da sarki, da kofo. Maganar rai tana da jandarmomi da gidan shari'a. Wanda ke da tsohon ƙulli a zuciya, waɗannan ƙofofi zai ƙwanƙwasa. Faɗan da ya halaka gidan sarkin Girka ma, kan ba da hanya ya fara.

Amfaninsa ga sabon mai karatu

Sabon mai karatu na tafiya sannu, kamar mai koyon huɗa da shanu. Shafi guda na iya cin masa lokacin da ake dafa shayi. In labarin ba ya ja, sai ya gaji ya bari. Amma in yana son ya ji wa ya yi kisan, kafin ya farga ya haye shafi goma. Son ji ne ke jan shi, karatu na ƙara kaifi bai sani ba.

Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano ke fitar da littattafan Hausa masu yawa. Yau ana karanta wasu a rediyo, ana kuma sauraren su cikin salula. Saurare na da daɗi, sai dai kunne ne ke ƙaruwa, ido na zaune. Wanda ya sha wuya ya koyi baƙaƙe, ya nemi takardar ya riƙe da hannunsa. Jiki Magayi ba shi da kauri, kuma da shi za a iya farawa. A yi sautu ga mai zuwa Maraɗi ko Katsina.

Ga yadda ƴan aji za su yi. Mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi su sayi littafi guda. Bayan isha'i a zauna da fitila, kowa ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ya miƙa wa na kusa. A rubuta sunayen mutanen labarin a kan allo, da dangantakar da ke tsakaninsu, don kada a rikice. In an kai ƙarshen babi a rufe littafin. Sai a tambayi kowa abin da yake zaton zai faru, kuma ya kawo hujja daga cikin abin da anka karanta. Wanda ya ce "haka nike ji" ba tare da hujja ba, a ce masa ya koma ya duba. Mata ma su yi nasu zaman da hantsi ko bayan la'asar. Kada wanda ya riga ya gama ya faɗa wa saura ƙarshe.

Ajin da ya yi haka har ya kai bangon littafi, ya ci riba biyu. Bakinsa ya saki wajen karatu. Ya kuma koyi jin ta bakin kowa kafin ya yanke wa mutum hukunci. Wannan ta biyu za ta yi amfani ranar da saniya ta shiga gona.

Wanda ya karanta wani littafi irin wannan, ya rubuto wa jarida abin da ya gani ciki, da hannunsa, ko layi biyar ne. Sai wata mai kamawa, Allah ya kai rai.