Fitila ɗaya ba hujja ba ce

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu koyar da Arduino, wai rubuta kilas domin kunna fitilar LED da kashe ta ɓata lokaci ne, kuma ɓarnar ma'aji ce. Ban yarda ba, kuma ina ganin maganar ta cuci ɗalibai.

Ga abin da suke koyarwa: a ba ƙafa ta 13 ta allon Uno wuta, a kira delay(1000), a yanke wutar, a sake kiransa. Fitila ta yi ta ƙiftawa, ɗalibi ya yi murna. Abin da ba a gaya masa shi ne, cikin wannan jiran, guntun ATmega328P da ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa yana zaune ne yana ƙirga lokaci. Ko an danna maɓalli, shirin bai gani ba.

To, a ce wa ɗalibin ya ƙara fitila ta biyu mai ƙiftawa kowace milidaƙiƙa 300, ta farko kuma ta riƙe tata 1000. Nan ake yin ta. Jiran ɗaya ya tare hanyar ɗaya, sai ya shiga lissafin kame-kame. Mafita sananniya ce: a bar delay, a riƙa duba agogon millis, kowace fitila ta tuna lokacin da ta canza. Amma idan babu kilas, kowace fitila sai an raɗa wa ƙafarta, tazararta, lokacinta da halin da take ciki sunaye dabam. Fitilu biyar, sunaye ashirin, kuma kuskure guda a kwafi ya isa ya hana mutum barci.

Kilas mazubin bulo ne. Sau ɗaya ake ƙera shi, a zuba masa waɗannan abubuwa huɗu da aiki guda na duba agogo, sannan a yi ta fitar da fitilu, kowace da layi ɗaya.

Batun ma'aji kuwa, a ƙirga mana. Ƙafa bayit 1, hali bayit 1, tazara 4, lokaci 4, jimla 10. Fitilu goma sun ci bayit 100 cikin 2048 da guntun ke da su, daidai da abin da sunayen nan barkatai za su ci. Ina ɓarnar? Na yarda akwai abin tsoro a C++ kan ƙaramin guntu: yawan amfani da String da new na iya daddatsa ma'ajin har shiri ya sume. Wannan gargaɗi ne na gaskiya, sai dai bai shafi mazubin fitila ba.

Abin da ya fi damuna ma wani ne. Agogon millis yana cika ya koma sifili bayan kwana 49 da wasu awanni. Wanda ya tara tazara a kan tsohon lokaci ya kwatanta, na'urarsa za ta rikice a ranar. Wanda ya debe tsohon lokaci daga na yanzu ya tsira. A kilas, wuri ɗaya ake gyara wannan layin. A shirin da aka kwafa sau biyar, sai an gyara biyar, kuma wanda aka manta ba zai nuna kansa ba sai na'urar ta yi mako bakwai a hannun mai ita.