Dusa, Kanwa da Fitsarin Taure

A asibitocin dabbobi na Ingila da Amurka akwai larurar da likita ke tashi dominta ko da tsakar dare, wato a kawo muzurun da aka fiɗiye yana ta yunƙuri, fitsari ya ƙi fita. Hanyar fitsarin namiji doguwa ce kuma siririya, don haka ɗan yashin da ya taru a mafitsara kan iya toshe ta. In ba a buɗe ba, ƙoda ta gaza, dafi ya taru a jini, cikin kwana biyu zuwa uku muzuru ya mutu. Masana sun fi ɗora laifin a kan ƙiba, da zaman ɗaka, da busasshen abincin kanti, da ƙarancin shan ruwa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Gwiwa da wannan. Gaskiya ne, muzurunmu ba wanda ke fiɗiye shi, kuma ɓeran rumbu yake ci. Sai dai cutar tana nan a gidajenmu, a turke take. Duk abin da aka lissafa a kan muzurun Turai, shi muke yi wa rago da taure da sunan kiwon turka: a ɗaure dabba wuri guda, a cika ta da dusa, ruwa kuwa sai an tuna.

Ga yadda abin ke faruwa. Dusar gero da ta masara da ta alkama cike suke da sinadarin fosfaras, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, alhali likitocin dabbobi na son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu a abincin. Dabba mai tuƙa tana fitar da rarar fosfaras ta yawu, ya bi hanji ya fice. Wadda aka hana ciyawa aka ba dusa zalla ba ta tuƙa sosai, yawu ya ragu, sai rarar ta koma fitsari ta daskare ta zama tsakuwa. Hanyar fitsarin rago da bunsuru kuwa tana da lanƙwasa, kuma ta ƙare da ɗan siririn tsinke a kan gaba. A waɗannan wurare biyu tsakuwar ke maƙalewa. Dabbar da aka dandaƙe tun tana ƙarama hanyarta ba ta gama buɗewa, shi ya sa taure ya fi shiga haɗari. Ragunanmu yawanci ba a fiɗiye su, domin a mazhabar Malikiyya wanda ba a fiɗiye ba ya fi falala a layya, amma hakan bai kuɓutar da su ba muddin dusa ce cimarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karanta alamun. Rago ya daina ci, yana miƙa, yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa, yana cizon haƙora, sai a ce cikinsa ne ya ƙulle. A ɗura masa man gyaɗa, a jiƙa kanwa. Kanwa tana da daraja wajen makiyayi, ban musa ba, amma a nan ba magani ba ce. Irin wannan tsakuwa a fitsarin da ba shi da tsami take haɗuwa, kanwa kuwa aikinta ke nan kashe tsami. Bayan kwana ɗaya ko biyu mafitsara ta fashe, dabbar ta yi lamo, mai ita ya ce an samu sauƙi. Daga nan ciki ya cika da fitsari. Ko an yi saurin yankawa, naman warin fitsari yake, mahauci ba zai saya ba.

A ƙauyukan Gwiwa da Roni, har zuwa Babura, yawancin masu turka mata ne. Ragon nan shi ne adashensu, shi ne kayan ɗakin 'ya, shi ne kuɗin makaranta. Kuma a 'yan shekarun nan turkar Babbar Sallah a tsakiyar bazara ake yin ta (ta 2025 ta faɗo ran 6 ga Yuni), lokacin da ciyawa ta ƙare, ruwa ya yi wuya, dabba ta fi bukatarsa.

Rigakafin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, su ya kamata su zama ginshiƙin abinci, dusa ta zama ƙari. A bar ruwa mai tsabta a gaban dabba yini guda a inuwa, a sa ɗan gishiri don ta ƙara sha. Kada a yi gaggawar dandaƙe ɗan akuya. Mai dabbobi da yawa ya tambayi likita game da amoniyam kulorayid, wanda ake sawa a abinci don fitsari ya yi tsami. Mai turka kuma ta riƙa duba ƙasan turke kowace safiya. In ta gan shi a bushe, dabba na yunƙuri, a nemi malamin dabbobi a ranar, domin sau da yawa yanke ɗan tsinken nan na kan gaba kan buɗe hanya.

A nan nake ganin hukuma na da aiki. Jihar Jigawa ta sha raba awaki ga mata, kuma kasuwar Maigatari shaida ce kan abin da kiwo ke kawowa jihar. Ina roƙon ƙananan hukumomin masarautar Kazaure su tura malaman dabbobi unguwa-unguwa wata uku kafin Sallah, su yi wa mata wannan bayani a tsakar gida, su kuma bar musu lambar wayar da za a kira ko da dare.