Ba kullum ne laifin kamfanin waya ba

Daren Lahadin da ta wuce, wajen ƙarfe goma, na zauna zan ɗora wa 'yata takardunta a wani shafin neman tallafin karatu da za a rufe ƙarfe sha biyun dare. Kwamfuta ta kama wayfai ɗin gida, alama ta cika taf, amma shafi ya ƙi buɗewa. Na gwada wani shafin, shi ma haka. Abin haushi, saƙonnin WhatsApp na ta shigowa wayar uwargida, alhali ita ma kan wayfai ɗin take. Me na yi? Abin da kowa ke yi. Na yi wa kamfani Allah ya isa, na kashe akwatin na kunna, na ce ƙila data ce ta ƙare, na sake sayen wata. Shiru kake ji. Wayata kuwa sai an fita tsakar gida take samun sabis, balle in jona kwamfutar da ita.

Da na ga sha ɗaya ta kusa, yarinya ta fara hawaye, sai na cire kunya na kira wani matashi da ke kula mana da kwamfutoci a ofis. Ya ce, "Yallaɓai, buɗe burauza, kada ka rubuta sunan kowane shafi, rubuta 1.1.1.1 kawai." Na rubuta. Nan take shafi ya buɗe. Ya yi dariya ya ce, "To ai intanet ɗinka ƙalau yake. Mai kwatancen ne ya ɓace."

Ga abin da na fahimta. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kamar dai wayarka: kai kana danna "Baban Abba", ita kuma lamba take kira. Idan littafin lambobin ya goge, layinka na nan, kuɗinka na nan, amma ba ka iya kiran kowa sai wanda ka haddace lambarsa. A intanet, tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba shi ake kira DNS, kuma tun 1983 yake, wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ya tsara shi. Duk sanda ka rubuta sunan shafi, na'urarka kan tambayi akwatin wayfai, akwatin ya tambayi wata kwamfuta a waje, ita ta dawo da lambar. In wannan mai amsar ya yi shiru, komai ya tsaya. WhatsApp kuwa ya ci gaba ne don ya riga ya riƙe hanyarsa.

Matashin ya sa na juya akwatin, na karanta lambar da ke jikinsa, 192.168.8.1, na shiga saitinsa. A gurbin DNS sai ga wasu baƙin lambobi. Aka yi bincike a falo. Ashe babban ɗana ne ya saka su watanni biyu baya, wai an raba a wani guruf cewa suna sa wasan ƙwallo na waya ya yi gudu. Ko wane ne mai wannan na'urar, ya kashe abarsa ya tafi, ya bar mu a duhu. Na goge, na saka 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare. A kwamfutar kuma ya sa na buɗe baƙin allon nan na umarni na rubuta ipconfig /flushdns don ta manta tsofaffin amsoshi. Sha ɗaya da rabi takardu suka shiga.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shi ne, mun mayar da "ba sabis" maganar da ke rufe kowane tunani. Ban ce kamfanoni waliyyai ne ba. Tunda hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, muna da haƙƙin mu nemi aiki mai kyau. Amma daidai saboda tsadar ne bai kamata mutum ya riƙa sayen data don maganin ciwon da ba na data ba. Gwajin nan bai kai minti ɗaya ba. Lamba ta buɗe, suna ya ƙi? Matsalar kwatance ce, kuma sau da yawa a cikin gidanka take. Lamba ma ta ƙi? To yanzu sai ka duba data, ko ka nemi kamfani.

Akwai ranakun da ba abin da za ka iya. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, har manhajojin bankuna suka riƙa gardama. Wannan hanya ce ta yanke, ba kwatance ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, kuskuren injiniyoyinsu ne ya sa duniya ta kasa isa ga kwamfutocinsu masu ba da kwatance. Na san mutanen da suka loda kati a daren nan suna zargin layinsu.

Wani gefen da ya fi tsorata ni bayan na natsu: wata biyu cur, duk shafin da wani a gidana ya nema, sunansa ya bi ta hannun mutumin da ban sani ba. Mai kwatance ba ya ganin abin da ka rubuta a cikin shafi, amma ya san inda ka tambaya. In mugu ne, ka tambayi shafin bankinka ya nuna maka na bogi. Burauza takan yi gargaɗi, amma mu nawa ne ke tsayawa karanta gargaɗi? Su ma Google da Cloudflare gani suke, kada in yaudare ku. Bambancin dai ka san wa ka ba amanar. Masu yara ƙanana, Cloudflare na da 1.1.1.3, wadda ke toshe shafukan batsa da na cutar da na'ura. Ba ta maye gurbin tarbiyya, amma ta fi babu.

Masu Android su leƙa saitin waya, akwai wurin da aka rubuta Private DNS. In kun ga wani baƙon suna da ba ku kuka saka ba, ku mayar da shi kan otomatik. Manhajojin VPN da muka cika wayoyinmu da su lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, su ma sukan karkatar da kwatance in aka bar su a kunne. Wanda ba ya amfani da tasa ya cire ta.

Washegari firintar gida ta ƙi amsa kiran kwamfuta. Wannan karon ban zagi kowa ba. An ɗauke wuta da asuba, akwatin ya sake raba lambobi, firinta ta samu sabuwa, kwamfuta na ta nemanta a tsohuwar. Google bai san firintar gidana ba, wannan aikin akwatin ne. Na shiga saiti na ware mata lamba ɗaya ta dindindin.

Kalmar sirrin shiga saitin akwatin ma na canza ta, don ashe admin ɗin nan ce da ya zo da ita daga kanti. Yaron ya zo yana tambaya ta sabuwar, na ce ya fara biyana kuɗin datar da na saya a banza.